Yadda ake warware lissafin nisa, gudu da lokaci

Daga cikin tambayoyin lissafi da yaranmu ke gamuwa da su tun daga ajin ƙarshe na firamare har zuwa jarrabawar WAEC da NECO da JAMB, da wuya a sami wadda ta kai tambayar nisa da gudu da lokaci kusanci da rayuwar yau da kullum, amma duk da haka tana cikin waɗanda suka fi kayar da ɗalibai. Abin da ke damuna a nan shi ne, yaron da ya kasa amsa ta a takarda sau da yawa ya san amsarta a tasha. Idan aka tambaye shi ƙarfe nawa motar da ta tashi daga Katsina da ƙarfe takwas za ta shiga Daura, zai ce wajen ƙarfe tara ko tara da kwata, kuma ba zai kauce wa gaskiya da yawa ba. Amma da zarar an rubuta masa wannan tambaya da Turanci, an jera mata lambobi, sai ya ajiye abin da ya sani a gefe ya shiga laluben wata ƙa'ida da ya haddace ba tare da ya san inda ta samo asali ba.

Ƙa'idar da ake nufi ita ce alwatikan nan da malamai ke zanawa a allo, a rubuta nisa a sama, gudu da lokaci a ƙasa, a ce wa yaro ya rufe wanda ake nema da yatsa, abin da ya rage shi ne hanyar aiki. Zanen ba ƙarya yake faɗa ba. Nisa shi ne gudu sau lokaci, gudu shi ne nisa a raba da lokaci, lokaci kuma shi ne nisa a raba da gudu. Sai dai zanen yana aiki ne kawai idan tambayar ta zo a miƙe, ta ba da abu biyu ta nemi na uku, alhali masu tsara jarrabawa ba kasafai suke tsayawa a nan ba. Abin da ya kamata ɗalibi ya riƙe shi ne ma'anar gudu kanta. Idan aka ce mota tana gudun kilomita 80 a awa, wanda ake rubutawa 80 km/h a takardar jarrabawa, ana nufin cewa muddin ta ci gaba da tafiya a haka ba ƙari ba ragi, kowace awa ɗaya za ta cinye kilomita 80 na hanya. Lissafin iri ɗaya ne da na awon hatsi a kasuwa: wanda ya san kuɗin tiya ɗaya zai fitar da kuɗin tiya biyar ta hanyar ninkawa, wanda kuma ya san kuɗin da ke aljihunsa zai gane tiya nawa za su saya masa ta hanyar rabawa, ba tare da kowa ya zana masa alwatika ba. Gudu shi ne kilomita nawa a kowace awa ɗaya, kuma duk sauran ƙa'idojin daga wannan jimla suka fito.

A ɗauki hanyar Katsina zuwa Daura, wadda ke ratsawa ta Mashi. Tsawonta kusan kilomita 80 ne, don haka za mu riƙe 80 cif domin sauƙin aiki. Motar da ke gudun kilomita 80 a awa za ta gama hanyar cikin awa ɗaya. Wadda ke gudun 40 sai ta yi awa biyu, domin a ƙarshen awar farko rabin hanya kawai ta ci. Har zuwa nan babu mai faɗuwa. Inda ake fara zubewa shi ne idan aka ce gudun kilomita 60 ne a awa. Ɗalibi zai raba 80 da 60, kwalkuleta ta nuna masa 1.33, shi kuma ya rubuta awa ɗaya da minti 33. Wannan amsa kuskure ce, kuma ita ce kuskuren da ya fi kowane yawa a wannan babi. Lambobin da ke bayan ɗigo suna ƙirga kashi cikin ɗari ne, awa kuwa minti 60 ce. Abin da 0.33 ke nufi shi ne sulusin awa, sulusin 60 kuma 20 ne, saboda haka amsar ita ce awa ɗaya da minti 20. Akwai ma hanyar da ta fi wannan sauƙi: motar da ke cin kilomita 60 a minti 60 tana cin kilomita ɗaya a kowane minti, don haka kilomita 80 za su ɗauke ta minti 80, wato awa ɗaya da minti 20 ɗin dai.

Wannan matsala ta agogo ta cancanci a daɗe a kanta, domin tana fitowa ta fuskoki da dama. Rabin awa 0.5 ne, ba 0.30 ba. Kwatan awa, wato minti 15, shi ne 0.25, minti 45 kuma 0.75. Wanda ya rubuta awa ɗaya da rabi a matsayin 1.30 ya rage wa kansa minti 12 bai sani ba, domin awa 1.3 awa ɗaya ce da minti 18. Dokar ita ce, duk mintocin da za a mayar awa a raba su da 60, duk gutsuren awar da za a mayar minti kuma a ninka shi da 60. Misali, a ce ɗan acaba ya yi minti 45 yana gudun kilomita 40 a awa, aka tambayi nisan da ya yi. Wani zai ninka 40 da 45 ya sami kilomita 1,800, wani kuma zai ninka 40 da 0.45 ya sami 18. Na farko ya kai babur ɗin har ya wuce Legas cikin abin da bai kai awa ɗaya ba, kuma da ya dakata ya dubi amsar da idon basira da ya gane ba za ta yiwu ba. Na biyu ya fi shi hatsari, domin amsarsa tana kama da gaskiya. Daidai shi ne, minti 45 kashi uku ne cikin huɗu na awa, kashi uku cikin huɗu na 40 kuma 30 ne. Kilomita 30 ya yi.

Haka abin yake idan aka ba da lokacin tashi da na isa maimakon tsawon tafiyar. A ce mota ta bar Katsina da ƙarfe 7:40 na safe, ta bi ta Charanchi da Kankiya da Bichi, ta shiga Kano da ƙarfe 10:10, a kuma ɗauki hanyar a matsayin kilomita 170, wanda bai yi nesa da ainihin tsawonta ba. Wanda ya ɗebe 7.40 daga 10.10 kamar yana lissafin naira da kwabo zai sami 2.70, lambar da ba ta da ma'ana a agogo. Hanyar da ba ta ɓatar da mutum ita ce ƙirgawa gaba: daga 7:40 zuwa 8:00 minti 20, daga 8:00 zuwa 10:00 awa biyu, daga 10:00 zuwa 10:10 minti 10. An sami awa biyu da minti 30, wato awa 2.5. Idan aka raba 170 da 2.5 za a sami kilomita 68 a awa.

Sai dai wannan 68 tana buɗe wata magana da ta fi ta girma. Babu direban da zai tashi daga Katsina har Kano allurar malejinsa tana tsaye a kan 68. Zai taka 100 inda hanya ta yi kyau, ya sauka zuwa 20 a cikin gari ranar kasuwa, ya tsaya cak a shingen jami'an tsaro. Abin da lissafi ya fitar shi ne matsakaicin gudu, kuma ma'anarsa ita ce gudun da, da an riƙe shi tun daga farko har ƙarshe ba tare da canji ba, da an isa a daidai wannan lokacin. Ana samun sa ta hanya ɗaya tak: a tara dukan nisan da aka yi, a tara dukan lokacin da aka ɓata, sannan a raba na farko da na biyu.

Na nanata cewa hanyar ɗaya ce saboda akwai wata ta biyu mai jan hankali wadda take kai mutum rami. A ce direba ya tafi Daura da gudun kilomita 80 a awa, a dawowa kuma ruwan sama ya tsare shi ya riƙa tafiya da 40. Mene ne matsakaicin gudunsa a tafiya da dawowa? Mafi yawan ɗalibai, har da manya masu ilimi, za su tara 80 da 40 su raba biyu su ce 60. Bari mu bi ta a hankali. Zuwa ya ci awa ɗaya, dawowa ta ci awa biyu, jimla awa uku. Nisan duka kilomita 160 ne. Idan aka raba 160 da 3 za a sami 53 da sulusi. Dalilin da ya sa amsar ta gaza 60 shi ne, direban bai raba lokacinsa daidai tsakanin gudun biyu ba: awa ɗaya kacal ya yi yana sauri, ya yi awa biyu cur yana jan jiki, don haka tafiyar hawainiyar ta fi nauyi a ma'auni, ta janyo amsar zuwa ɓangarenta. Da a ce ya yi awa ɗaya a kan 80 ya kuma yi awa ɗaya a kan 40, da ya ci kilomita 120 a awa biyu, kuma a nan ne 60 za ta zama daidai. Tarawa a raba biyu tana aiki ne idan lokutan sun yi daidai da juna. Idan nisan ne ya yi daidai, kamar zuwa da dawowa a hanya guda, ba ta aiki. Ɗalibin da ya gane wannan bambanci ya wuce wurin da da yawa ke tsayawa.

Akwai wata tambaya da ke fito da wannan fili ƙarara, kuma ina ganin ya kamata kowane malamin lissafi ya jefa wa ajinsa ita ko sau ɗaya ne. Direba ya tafi Daura da gudun 40, yana so matsakaicin gudunsa na zuwa da dawowa ya zama 80. Da wane gudu zai dawo? Baki zai yi saurin cewa 120. Amma kafin matsakaicin ya zama 80 a kan kilomita 160, dole tafiyar duka ta ƙare cikin awa biyu, shi kuwa ya riga ya cinye awa biyun tun a zuwa. Babu gudun da zai fitar da shi, ko da jirgin sama ya hau.

Tsayawa a hanya ma tana shiga cikin lissafin matsakaicin gudu, sai fa idan tambayar ta ce a cire ta. Motar da ke gudun 80 amma ta tsaya minti 20 a Mashi fasinjoji suka yi salla, ta ɓata minti 80 ke nan a kan kilomita 80, matsakaicin gudunta ya sauka zuwa 60.

Daga nan sai tambayoyin da ke ɗauke da motoci biyu, waɗanda ɗalibai ke jin tsoronsu fiye da kima. Sirrinsu shi ne a daina kallon motocin, a kalli tazarar da ke tsakaninsu, a tambayi kai da wane sauri take raguwa. A ce ƙaramar mota ta tashi daga Katsina ta nufi Daura da gudun 75, a daidai lokacin da wata babbar mota ta tashi daga Daura ta nufi Katsina da gudun 45. Kowace tana cin hanyar daga nata gefen, don haka a awa guda tazarar za ta ragu da 75 a tara da 45, wato kilomita 120. Tazarar kuwa 80 ce kawai. Idan aka raba 80 da 120 za a sami kashi biyu cikin uku na awa, wato minti 40. A cikin minti 40 ɗin ƙaramar ta yi kilomita 50, babbar ta yi 30, idan aka haɗa su kuma an sami 80, wanda ke tabbatar da cewa lissafin ya tafi daidai. Wannan dubawar ta ƙarshe ba ta cin rabin minti, amma tana ceton maki masu yawa.

Idan motocin ba su tashi tare ba, sai a fara daidaita agogonsu kafin a yi komai. A ce babbar mota ta bar Daura da ƙarfe 8:00 tana gudun 40, ƙaramar kuma ba ta bar Katsina ba sai 8:30, tana gudun 80. A rabin awar da babbar ta yi ita kaɗai a hanya ta ci kilomita 20, saboda haka lokacin da ƙaramar ta tashi, tazarar da ta rage 60 ce, ba 80 ba. Tana raguwa da kilomita 120 a awa, ke nan za ta ƙare cikin rabin awa, su haɗu da ƙarfe 9:00 a tsakiyar hanya, kowace ta yi kilomita 40.

Idan kuwa wuri ɗaya suka dosa, ɗaya tana bin ɗaya, ɗebewa ake yi a maimakon tarawa, domin yayin da ta baya ke cin tazarar, ta gaba tana ƙara ta. A ce tirela ta bar Katsina zuwa Kano da ƙarfe 6:00 tana gudun 50, wata mota ta biyo ta da 6:30 tana gudun 75. Tirelar ta riga ta ba da ratar kilomita 25. A kowace awa motar tana rage ratar da 75 a ɗebe 50, wato 25, don haka awa ɗaya take buƙata. Za ta cim mata da ƙarfe 7:30, a kilomita 75 daga Katsina. Tirelar ma awa ɗaya da rabi a kan 50 ya ba ta kilomita 75, lissafi ya haɗu.

Wani abin da lissafin nan ke koyarwa, wanda nake fata direbobinmu na haya za su ji, shi ne ribar gudu tana raguwa yayin da gudun ke ƙaruwa. A kan kilomita 80 ɗin nan, wanda ya tashi daga gudun 40 ya koma 60 ya rage tafiyarsa daga minti 120 zuwa 80, ya ci ribar minti 40. Wanda ya tashi daga 60 zuwa 80 ribarsa minti 20 ce. Daga 80 zuwa 100, tafiyar ta sauka daga minti 60 zuwa 48, ribar minti 12 ke nan. Daga 100 zuwa 120 kuwa, daga 48 ne zuwa 40, minti 8 kacal. Ƙarin kilomita 20 ne a kowane mataki, amma abin da yake saya yana ta ƙanƙancewa, domin lokaci da gudu ba sa tafiya kafaɗa da kafaɗa: sai an ninka gudu biyu kafin lokaci ya koma rabi. Direban da ya ƙure maleji da mota cike da mutane a kan hanyar Daura yana jefa rayukansu cikin hatsari ne a kan mintocin da ba su kai na lodi a tasha ba, kuma lambobin nan sun isa hujja a kansa.

Saura batun canza ma'auni, wanda ke zuwa sosai a manyan azuzuwa da kuma darasin fiziks. Wani lokaci ana ba da gudu da mita a daƙiƙa, a nemi a mayar da shi kilomita a awa, ko akasin haka. Kilomita ɗaya mita 1,000 ce, awa ɗaya kuma daƙiƙa 3,600 ce, wato 60 sau 60. Motar da ke gudun kilomita 72 a awa tana cin mita 72,000 a daƙiƙa 3,600, idan aka raba kuma mita 20 ne a kowace daƙiƙa. Daga nan ne lambar 3.6 da ake haddacewa ta fito: a raba da ita idan za a koma mita a daƙiƙa, a ninka da ita idan za a koma kilomita a awa. Wanda ya manta ko ninkawa ake yi ko rabawa, ya tuna cewa lambar kilomita a awa ita ce babba a kullum, kamar yadda 72 ta fi 20. Da wannan za a iya auna ɗan tseren Jamaika, Usain Bolt, wanda ya yi mita 100 cikin daƙiƙa 9.58 a birnin Berlin a shekarar 2009. Matsakaicin gudunsa ya ɗan haura mita 10.4 a daƙiƙa, wato kusan kilomita 37.6 a awa. Da ita kuma za a gane cewa mota mai gudun kilomita 100 a awa tana cin kusan mita 28 a kowace daƙiƙa, don haka direban da ya sunkuya ya dubi wayarsa na daƙiƙa uku ya yi tafiyar fiye da mita 80 bai ga abin da ke gabansa ba. Dattawan da har yanzu ke ƙirga hanya da mil kuwa, mil ɗaya ya ɗan haura kilomita 1.6, wato mil biyar kusan kilomita takwas ne.

Ko da damina ana iya gwada wannan lissafi daga zaure. Sauti yana tafiya kusan mita 340 a daƙiƙa a cikin iska, haske kuwa kusan kilomita 300,000 a daƙiƙa, saboda haka walƙiya tana isowa ido nan take, tsawa kuma ta biyo baya. Wanda ya ƙirga daƙiƙa shida tsakanin ganin walƙiya da jin tsawa, ya ninka 340 da 6, zai sami mita 2,040, wato abin ya faru ne a nisan kusan kilomita biyu. Kowace daƙiƙa uku kusan kilomita ɗaya ce.

Nau'i na ƙarshe da ya kamata a taɓa shi ne na jirgin ƙasa, wanda yaran yankin Katsina suka daɗe suna amsawa ba tare da yawancinsu sun taɓa ganin jirgin ba, ko da yake layin dogon Kano zuwa Maraɗi, da aka aza harsashinsa a shekarar 2021, an tsara shi ne ya ratsa ta Kazaure da Daura da Katsina da Jibiya. Abin da ya bambanta jirgi da mota a lissafi shi ne tsawonsa, wanda ba a iya yin watsi da shi. A ce jirgi mai tsawon mita 200 yana gudun kilomita 72 a awa, wato mita 20 a daƙiƙa. Idan turken lantarki zai wuce, aikin yana farawa ne lokacin da kansa ya iso turken, ba ya ƙarewa kuma sai taragon ƙarshe ya wuce, don haka nisan da ake lissafawa shi ne tsawon jirgin kansa, mita 200, lokacin kuma daƙiƙa 10. Idan gada ce mai tsawon mita 100, kan jirgin zai ratsa mita 100 na gadar, amma a lokacin da ya fita ɗaya gefen, sauran jikin yana bisa gada ko ma bai hau ba tukuna, sai ya ƙara mita 200 kafin taragon ƙarshe ya sauka. Nisan ya zama mita 300, a raba da 20, a sami daƙiƙa 15. Ɗalibin da ya raba tsawon gadar kaɗai da 20 zai sami daƙiƙa 5, kuma irin wannan amsar ce masu tsara tambayoyin zaɓi kan ajiye a cikin jerin amsoshi domin ta kama mai gaggawa. Abin da ke hana faɗawa wannan tarko shi ne a zana layi a gefen takarda, a sa alamar inda kan jirgin yake a farkon aikin da inda yake a ƙarshensa, sannan a auna abin da ke tsakanin alamomin biyu kafin a taɓa kowace lamba.